Tambayi Tanti: An cire mata siminti, gasa ta matso, in bar ta ta shiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Tanti, ina wuni, ya aiki ya zafi. Dan Allah ki taimaka min da shawara dan wallahi kaina ya ɗaure. 'Yata ce ta fari, kin san ba zan kama suna ba, shekararta 14 tana turaziyem. Tun tana firamare take wannan wasan na jimnastik, mushensu na EPS, mai koya musu motsa jiki, shi ne ya fara lura jikinta na lanƙwasuwa ya ce a kai ta kulob, tun daga nan yarinya ba ta da zance sai tsalle da alkafura, a tsakar gida ma da hannu take tafiya ƙafafu a sama. To wata huɗu da suka wuce ta yi salto, wato alkafura a iska, ta diro ba daidai ba ƙafar dama ta murɗe, kakarta ta ce a kai ta wajen maɗori ni kuma na dage sai asibiti, aka yi radiyo aka ce ƙashin idon sawu ne ya tsage, suka sa mata siminti sati shida. Da aka cire mun ɗan je wajen kine, mai motsa gaɓoɓi bayan rauni, sai muka daina saboda kuɗi da nisa, ga taksi zuwa da dawowa ga lekol.

Yanzu ta koma atisaye kuma akwai gasa nan da sati biyar. Kocinta ya ce ta warke tunda tana gudu tana tsalle, wai in ba ta shiga wannan ba ba za a sa ta cikin waɗanda za a ci gaba da su ba. Amma ni ina lura da ita, da safe in ta sauko daga gado sai ta ɗan ɗingisa kafin ta miƙe sosai, in na tambaye ta sai ta ce ba komai Mama. Ran nan na ga kwalin diklofenak, maganin kashe ciwo, a jakarta. Ƙanwarta kuma ta tsegunta min wai a wajen atisaye in ta rugo za ta yi wannan juyin da ta faɗi a kansa sai ta ja birki ta tsaya cak, koci ya yi ta faɗa wai tsoro ne da ƙibar da ta yi lokacin da take zaune. Yanzu ko tuwon dare ba ta ci. Babanta kuma dama neman dalili yake, ya ce ta girma a bar abin haka nan, ita kuma da an yi zancen bari sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Ni ba na son in kashe mata gwiwa, ba na kuma son a ce da hannuna na nakasa ta. Ya zan yi?

Wata uwa, daga Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Bari in ba ki amsar tun farko kar in ja ki da nisa: a yadda kika kwatanta min ita, kar ta shiga wannan gasar. Yarinyar da ke ɗingishi da safe, tana haɗiyar magani a ɓoye, tana tsayawa cak a gaban juyin da ta saba, ba ta ci abinci, ba ta shirya ba, ko da kocin duniya ne ya ce ta shirya.

Abin da ke ruɗa iyaye da yawa shi ne ranar cire siminti. An fasa shi, an wanke ƙafa, yaro ya taka, kowa ya ce alhamdulillahi an warke. Alhali siminti ƙashi kawai ya riƙe har ya haɗe, sauran kayan ƙafar kuwa lalacewa suka yi a cikinsa. Ki ari igiyar awon tela ki auna sharaɓarta ta dama da ta hagu a wuri ɗaya, zan yi mamaki in ba ki ga ta daman ta fi sirantaka ba, naman ya zube saboda sati shida bai yi aikin komai ba. Gaɓar kanta ta sandare, ba ta lanƙwasuwa gaba kamar da, kuma wannan lanƙwasuwar ce ke shanye nauyi in mutum ya diro. Sai abu na uku wanda ido ba ya gani. A cikin gaɓa da jijiyoyi akwai wasu 'yan saƙonni da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take da yadda ta karkata ba tare da an duba ba, su ne ke sa in kin taka dutse da dare ƙafarki ta gyara kanta kafin ki ankara. Rauni da zama suna dakushe wannan, kuma ba ya dawowa da kansa yadda ya kamata sai an sake koya wa ƙafar. Aikin kine ke nan, shi ne kuma kuka bari a tsakiya.

Ga mai tafiya kasuwa ko lekol wannan duk ba wani abu ba ne, zai yi rayuwarsa lafiya lau. Amma 'yarki daga sama take faɗowa. An auna nauyin da ke sauka a ƙafar ɗan jimnastik lokacin dirowa an ga a wasu tsallen yana haura nauyin jikinsa ninki goma, kuma wannan a ɗakunan da ke da dandamali mai sifirin ne a ƙasa da katifu masu kauri. In kuwa inda take atisaye tapi ne aka shimfiɗa a kan daɓe to lissafin ya ƙara muni. Don haka cewa tana gudu tana tsalle ba hujja ba ce.

Akwai kuma maganar shekarunta. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, daidai kusa da gaɓa, akwai wani fale-falen guringuntsi wanda daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo, kuma shi ne wuri mafi rauni, ya fi jijiya saurin sallamawa. A 'yan mata yakan rufe ne wajen shekara 14 zuwa 16, wato 'yarki tana daidai gaɓar. In tsagewar ta ratsa ta wannan wurin likitoci sukan so su sake ganin ƙafar a radiyo bayan wasu watanni don su tabbatar tana girma daidai ba ta karkace ba. Ban ga kin ce kun koma ba. Ki nemi randebu wajen likitan ƙashin da ya duba ta, ki tafi da tsohon hoton, ki tambaye shi kai tsaye ko karayar ta taɓa wurin girman ƙashi, kuma ki faɗa masa ainihin wasan da take yi. Kar ki ce masa wasanni kawai, zai ɗauka gudun EPS ne ya ce ta je ta yi. Ki nuna masa bidiyon salton a wayarki in akwai. Shi ke da ikon cewa ta koma, ba koci ba, don koci ko mutumin kirki ne yana da buƙata a ciki, yana son ya je gasa da gwanarsa.

Kafin ranar randebun ga abin da za ki iya gani da idonki a tsakar gida, da safe, kafin ta sha komai. Ta tsaya a ƙafar hagu ita kaɗai ta rufe ido, ki ƙirga daƙiƙa 30, sannan ta canja zuwa ta dama, ki kalli yadda idon sawun ke rawa da ko sau nawa ta sauke ɗayar. Sannan ta dafa bango da ɗan yatsa ta yi ta ɗaga diddige sama a ƙafa ɗaya har ta gaji, ki ƙirga na hagu ki ƙirga na dama. Sai ta yi tsalle ɗaya gaba da ƙafa ɗaya ta diro a kanta ta tsaya ba tangaɗi, ki ja layi da gawayi ki gwada nisan biyun. Masu kine sukan nemi ƙafar da ta ji ciwo ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar kafin ma a fara zancen komawa gasa. Ki kalli fuskarta lokacin da take yi, ba bakinta ba. Wannan gwajin ba zai maye gurbin likita ba amma yana da wani amfani babba, ita da kanta za ta ga layukan gawayin nan biyu, ba ke ce kika ce mata ba ta warke ba.

Maganar kuɗin kine na gane, ba ke kaɗai ba ce. Ki koma ki gaya masa gaskiya cewa ba za ku iya zuwa kullum ba, ya rubuta muku ko ya nuna mata abin da za ta riƙa yi a gida, ku riƙa zuwa jefi-jefi yana dubawa yana ƙara mata. Yawancin aikin ba ya buƙatar na'ura. Robar cikin tayar keke da aka yanka aka ɗaura a ƙafar gado ta isa jan ƙafa ciki da waje, matashin kai ya isa a tsaya a kansa da ƙafa ɗaya, matakalar ƙofa ta isa ɗaga diddige, ko asuwaki take yi ta yi shi a ƙafa ɗaya. Abin da ake so a yi kullum ne, ba a yi da yawa rana ɗaya a kwana uku ba a yi ba. Komawa tsalle kuma hawa-hawa ne, dirowa da ƙafa biyu daga ƙasa-ƙasa, sannan ƙafa ɗaya, sannan ƙananan juyi, sannan manya da hannun koci a bayanta, kuma ba a wuce mataki sai an kwana an tashi ƙafa ba kumburi ba ɗingishi. In ta kumbura washegari an yi yawa, a koma baya kaɗan. A tsakanin nan ba zama za ta yi ba, akwai aikin ciki da baya da kafaɗa da tsayuwar hannu da miƙa jiki, duk suna nan ba su taɓa idon sawu.

To yanzu ga inda nake ganin ainihin matsalar gidanku take, kuma ba a ƙafa take ba. Me ya sa take ce miki ba komai Mama? Saboda yarinyar nan ba wawuya ba ce, ta lissafa ta ga duk ranar da ta ce ƙafata na ciwo to ta miƙa wa babanta wuƙar da zai yanka wasan gaba ɗaya. A wajen koci in ta ce da ciwo an cire ta, a gida in ta ce da ciwo an hana ta har abada, to wa za ta gaya wa? Sai mai farmasi ko mai tallar magani a faranti. Muddin a kanta faɗin gaskiya daidai yake da rabuwa da abin da ta fi so a duniya to za ta ci gaba da yi muku ƙarya, kuma za ta ƙware, ɗingishin ma za ta koyi ɓoye shi.

Saboda haka aikinki na farko da Alhaji babanta ne, ba da ita ba. Ku zauna ku biyu ba a gabanta ba, ki roƙe shi ya raba maganar gida biyu. Ko za ta ci gaba da jimnastik nan gaba ko ba za ta ci gaba ba magana ce daban, yana da haƙƙinsa a ciki kuma za a yi ta a lokacinta, amma kar a rataya ta a wuyan wannan ciwon. Abin da ake so shi da bakinsa ya ce mata, in ƙafarki na ciwo ki faɗa, faɗin ba zai sa in hana ki ba. In wannan kalmar ta fito daga bakin uba za ki sha mamakin abin da za ki ji a cikin sati ɗaya. In kuma damuwarsa sutura ce, wanda ina zargin ita ce a ƙarƙashin wannan ta girma ɗin, to ki sanar da shi ko a can inda wasan ya fito ba dole ba ne a sa wannan guntuwar rigar da 'yan wasan ke sawa. A 2021 'yan matan Jamus sun fito gasar Turai da ta Olamfik a Tokyo da riga mai rufe ƙafa har idon sawu, dokar wasan ta yarda, ba wanda ya rage musu maki. Kuma ke ma kina da haƙƙin ki je ki zauna a wajen atisaye duk ranar da kika ga dama, wurin da aka ce iyaye ba sa shiga ban yarda da shi ba. Amurka da duk kuɗinta sai a 2018 aka yanke wa likitan ƙungiyar jimnastik ɗinta, Larry Nassar, hukuncin ɗauri kan shekarun da ya shafe yana lalata da yara da sunan magani. Ba ina zargin kowa ba ne, amma ƙofa a buɗe ta fi.

Ita kuma in za ki yi mata magana kar ki fara da kwalin maganin, kar kuma ki ce ƙanwarta ce ta faɗa, za ki haɗa su faɗa ki kuma toshe kunnen da kike da shi. Ki zaɓi lokacin da hannunku ke aiki, kina mata kitso ko kuna tsinke zogale, yaran nan sun fi sakin baki in ba a kallon idonsu. Kuma ki daina tambayar yana ciwo, don amsarta a'a ce kullum. Ki ce yau ina ne ya fi damunki, ciki ko wajen idon sawun, da safe ko bayan atisaye. Tambayar da ta riga ta yarda akwai ciwon ta fi sauƙin amsawa.

Diklofenak ɗin dai dole ya tsaya. Ba ya gyara komai a ƙafar, kashe ƙararrawa kawai yake yi ta je ta diro a kan abin da jiki ke cewa kar ki diro. Ga shi tana shan sa ciki ba abinci, hanyar gyambon ciki ke nan, ga zafin Yamai mutum na zufa ruwan jiki ya ragu, a irin wannan yanayin magungunan nan suna wahalar da ƙoda. Ki tambaye ta a hankali wa ya ba ta, in a wajen atisaye ake raba musu to ba 'yarki kaɗai abin ya shafa ba, sauran iyaye ma su sani.

Tsayawar da take yi cak kuwa, faɗa ba ya maganinta. Ko dai ƙafar ce ta san ba za ta ɗauka ba jiki ya ƙi, ko kuma kai ne bai manta faɗuwar ba, sau da yawa ma duka biyun ne. Simone Biles ta Amurka, wadda ba a taɓa yin mai lambobinta a wasan nan ba, a Tokyo a 2021 ta yi tsalle ɗaya a gasar ƙungiya ta rasa inda take a iska, ta diro ta ce ba za ta ci gaba ba. An zage ta ba kaɗan ba, har da masu cewa ta gudu ta bar 'yan uwanta. Ta yi shekara biyu ba ta gasa, ta dawo 2023, a Paris 2024 ta kwashi zinariya uku da azurfa ɗaya. In wannan matar za ta iya cewa yau jikina da kaina ba su jitu ba, to 'yar shekara 14 da ta karye wata huɗu da suka wuce ba matsoraciya ba ce. Yadda ake warware shi kuma sananne ne, a koma farkon juyin a kakkarya shi gunduwa-gunduwa, a kan katifa mai taushi, da hannun koci, a maimaita har jiki ya sake yarda. Wanda ya fi haɗari shi ne a tsawata mata ta rufe ido ta tafi da rabin zuciya, don mai canja shawara a tsakiyar iska a kan wuya yake sauka.

Ban cika son ba iyaye labarin tsoro ba amma wannan ya kamata duk kocin jimnastik ya san shi. Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet ita ce zakarar duniya a 1978. A 1979 ta karye a ƙafa, aka matsa aka cire mata siminti da wuri saboda Olamfik ɗin Mosko na tafe, aka mai da ita atisaye ƙafa ba ta gama haɗewa ba, ana kuma matsa mata ta rage nauyi. A watan Yulin 1980, saura sati biyu a buɗe gasar, ta faɗi a kan haɓarta wajen wani juyi mai wuya, wuya ya karye. Tana da shekara 20. Ba ta sake motsa hannu ko ƙafa yadda take so ba har ta rasu a 2006. A ɗaya gefen kuma ga Kaylia Nemour haifaffiyar Faransa, an yi mata aiki a gwiwoyi a 2021, ta daɗe ba ta gasa har rigima ta shiga tsakanin kulob ɗinta da hukumar Faransa kan komawarta, ta koma tana wa Aljeriya ƙasar babanta wasa, a 2024 tana da shekara 17 ta ci zinariya a Paris, ita ce ta fara kawo wa Afirka lambar Olamfik a jimnastik. Rebeca Andrade ta Barazil sau uku jijiyar gwiwarta na tsinkewa ana mata aiki, 2015 da 2017 da 2019, kuma bayan duk wannan ne ta ci zinariyarta. Saboda haka zancen wai in ba ta shiga wannan gasar ba an wuce ta, ni bai kama hankalina ba. 'Yan mata nawa ne ma ke salto a garin nan da za a ce an yar da gwana saboda ta yi jinya?

Zancen ƙiba shi ya fi ɓata min rai. Yarinya 'yar 14 jikinta canjawa yake ko ta karye ko ba ta karye ba, ƙugu zai buɗe, tsawo zai ƙaru, kuma wannan kansa yana sa juyin da ta iya bara ya zama baƙo bana sai ta sake saba da sabon jikin. Ƙashin da ke gyaruwa kuma abinci yake nema, nono da madara da ƙwai da wake da kifi da ganye, furarta da nono, dambunta da kopto, ba wani abin kanti ba. Mai atisaye da yunwa ƙashinta ke yin laushi, ƙananan tsagewa su yi ta biyo baya. Ki lura da al'adarta, in ta fara a baya sannan ta ɗauke wata uku to jiki ne ke cewa abincin bai isa ba, ki faɗa wa likita. In kuma ƙin cin ya ci gaba, ko kika ga tana shiga bayi da ta gama ci, kar ki tsaya lallashi ke kaɗai, wannan ma na asibiti ne. Kocin kuma ku je ku same shi ke da Alhaji, da mutunci, da takardar likita a hannu, ku gode masa don ya yi wahala da ita, sannan ku ce masa maganar nauyinta ta fita daga bakinsa, in yana da damuwa ku zai gaya wa ba ita ba.

Ranar gasar ki bar ta ta je, ta sa rigar kulob ta zauna da 'yan uwanta ta riƙe musu ruwa ta yi musu tafi. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi, kar ki ce mata ai ba komai ba ne don a wajenta komai ne. Ga BEPC ma na jiranta bana, watannin nan ba asara ba ne.

TAMBAYA

Tanti barka da war haka. Yarona shekara 13, shi da abokansa kullum suna kan rairayi suna alkafura, yanzu wani malami ya tara su yana koya musu har suna zuwa nuna wasa. Ya fi wata biyu yana kukan wuyan hannu, alhali bai faɗi ba bai buge ba. Mun kai shi wajen mai ɗori ya ja hannun ya ɗaure da kara ya ce targaɗe ne, ya yi sauƙi, da ya koma wasa ciwon ya dawo. Yanzu hannu biyun ne ma. Ko sanyi ne?

Wani uba, daga Tawa

AMSA

Barka kadai Malam. Ba na jin sanyi ne, ba na kuma jin targaɗe ne, don targaɗe sai da faɗuwa ko murɗewa, kuma ba ya tashi daga hannu ɗaya ya kama ɗayan. Abin da ka kwatanta ya yi kama da wani ciwo da aka sani sosai a wajen yara masu wannan wasan. Wuyan hannu ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba, su kuma yaran nan sun mai da shi ƙafa, kullum ana dira a kansa yana lanƙwashe baya, sai wannan guringuntsin girman ƙashi da na yi bayani a sama, na ƙarshen ƙashin da ke gefen babban yatsa, ya fara gajiya yana buɗewa. Ka danna wurin da yatsanka, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu sama da inda hannu ke lanƙwasawa ta ɓangaren babban yatsa, in ya zabura to ka ƙara samun alama. Sauƙin da ya samu bayan ɗori hutun da hannun ya yi ne a cikin karan, shi ya sa da ya koma ciwon ya komo.

Kar a sake jan hannun. Masu ɗori akwai abin da suka iya, amma nan ba abin da ya goce balle a mai da shi, ja ƙara masa rauni zai yi. Ka kai shi asibiti a yi radiyon wuyan hannu duka biyu. Maganinsa yawanci hutu ne, a daina dafa ƙasa da hannu kwata-kwata na sati shida ko fiye har sai dannawa ba ta masa zafi, sannan a koma a hankali. In aka yi biris aka ci gaba wurin na iya rufewa kafin lokacinsa, ƙashin ya tsaya ɗan uwansa na gefe ya ci gaba da tsawo, hannu ya zo yana damunsa har girma, wani sai an yi masa aiki.

Gudu da tsallen ƙafa da aikin ciki duk zai iya yi a lokacin hutun, don haka kar ka raba shi da abokansa, ka dai je ka sami malamin nasu ka gaya masa, ka kuma ce ya tambayi sauran yaran ko akwai mai irin wannan kukan, da wuya a ce ɗanka ne kaɗai. Sannan ka bincika aljihunsa da kyau, yara masu wasan ƙarfi akwai masu ba su tramol su ce yana kashe ciwo yana ƙara kuzari, kuma a wannan shekarun ake fara kamuwa. In likita ya rubuta wani abu ka karɓa ka riƙe a wajenka, kai za ka riƙa ba shi.